ZAƁEN TUKUNYAR GAS DA TA DACE DA GIDANKA



Maganar da na zo muku da ita yau ta ɗakin girki ce, amma ta shafi aljihun maigida, ta shafi lafiyar uwargida, ta kuma shafi rayukan yara da na maƙwabta. Maganar kuwa ita ce: idan mutum ya yi niyyar sayen tukunyar gas, wace iri ya kamata ya ɗauka, ƙarama, ko matsakaiciya, ko babba? Domin kada mu rikita ta da tukunyar miya, zan riƙa kiranta da ɗaya sunan da aka san ta da shi, watau silinda.

Da yawa daga cikinmu mukan tafi kasuwa mu sayo irin wadda muka gani a gidan maƙwabci, ko wadda mai kanti ya fara miƙo mana, ko kuwa wadda kuɗin da ke aljihu a ranar suka isa. Bayan wata biyu sai a shiga da-na-sani. Wani ya sayo ƙarama, kullum yana hanyar wurin cikawa, gas na ƙare masa shinkafa tana kan wuta. Wani kuma ya sayo ƙatuwa, ga ta a lungun ɗaki, ba ta ɗaukuwa, ba ta cikuwa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Silindar da ta dace da gida ita ce wadda aka auna da yawan girkin gidan, da irin murhunsa, da wurin ajiyarsa, da kuma ƙarfin mai shi. Yadda ake yin wannan awo shi ne abin da zan bayyana.

Dalilin da ya sa maganar ta taso

A da, itace da kara da gawayi su ne makamashin gidajenmu, sa'an nan rishon kananzir ya shigo birane. Abubuwa sun sake. A shekarar 2007 kamfanin gas na NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas ya fara ware gas na girki domin kasuwar cikin gida. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin kananzir, farashinsa ya tashi, gidaje da yawa suka ajiye risho suka koma gas. A shekarar 2021 kuma aka ayyana shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa amfani da gas a ƙasar nan.

Komawa ga gas yana da amfani ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane wajen miliyan 3.2 suka mutu a duniya saboda cututtukan da gurɓatacciyar iskar cikin gida ke jawowa, wadda akasarinta hayaƙin girki ne. Mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar wannan hayaƙi. Ga kuma sare itatuwa da ke buɗe wa hamada hanya a jihohin Arewa. To amma gas abu ne mai ƙa'ida, kuma ƙa'idarsa ta farko tana somawa ne tun daga ranar da aka zaɓi silinda.

Abin da ke cikin silinda

Kafin mu yi maganar girma, ya kamata mu san abin da muke ajiyewa a gidajenmu. Ko da yake muna ce masa iskar gas, abin da ke cikin silinda ruwa ne. Haɗin iskoki biyu ne, furofen da butan, waɗanda aka matse da ƙarfi har suka zama ruwa. Idan aka buɗe bawul, sai ruwan ya riƙa komawa iska yana fitowa. Lita 1 ta wannan ruwa takan zama wajen lita 250 ta iska. Don haka ɗan yoyon da ake rainawa ya isa ya gauraye ɗaki.

Akwai abubuwa uku da ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa ba a cika silinda fal. Akan tsaya a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100, a bar sauran sarari domin kumburin. Na biyu, gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, watau idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya bi rami da kwata da ƙarƙashin gado. Na uku, gas ba shi da wari a asalinsa. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mutum tun kafin wuta ta tashi. Waɗannan abubuwa uku za su yi ta dawowa cikin bayaninmu.

Ire-iren tukwanen gas

Ana auna silinda da nauyin gas ɗin da take ɗauka. Waɗanda aka fi samu a kasuwannin Nijeriya su ne masu kilo 3, kilo 5, kilo 6, kilo 12.5, kilo 25 da kilo 50. Akan kuma sami masu kilo 10 nan da can. Za mu iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne ƙanana, masu kilo 3 zuwa 6. Su ne waɗanda akan ɗaura wa kan murhu kai tsaye a bisa, a sa mazaunin ƙarfe, a ɗora tukunya. Ba su bukatar tiyo, ba su bukatar murhu dabam, saboda haka su suka fi araha ga mai farawa.

Kashi na biyu ita ce matsakaiciya, mai kilo 12.5, wadda aka fi sani a gidajen iyali. Ita akan haɗa ta da murhun tebur ta hanyar tiyo da wata 'yar na'ura da ake kira regileta, wadda aikinta shi ne rage ƙarfin iskar kafin ta isa murhu.

Kashi na uku su ne manya, masu kilo 25 da kilo 50. Waɗannan an yi su ne domin manyan gidaje, da gidajen sayar da abinci, da makarantun kwana, da makamantansu.

Yadda ake lissafi

Yanzu ga lissafin da nake roƙon kowa ya yi kafin ya fita kasuwa. Ba ya bukatar kome sai takarda da alƙalami.

Kan murhu guda ɗaya irin na gida, idan aka kunna shi da wuta mai ɗan ƙarfi, yakan ci wajen giram 150 na gas a cikin awa ɗaya. Wani murhun ya fi haka ci, wani bai kai ba, amma wannan ya isa ma'auni. Bisa ga wannan, silinda mai kilo 3 za ta yi wajen awa 20 tana ci. Mai kilo 5 za ta yi awa 33, mai kilo 6 awa 40, mai kilo 12.5 kimanin awa 83, mai kilo 25 kimanin awa 166, mai kilo 50 kuwa za ta wuce awa 330.

Abin da ya rage shi ne a san awa nawa wuta ke ci a gida kowace rana. A nan sai maigida ya koma ga uwargida, don ita ta san gaskiyar lamarin. A ƙidaya tun daga ruwan shayi ko kunun safe, da ɗumame, da abincin rana, da tuwon dare da miyarsa. A tuna cewa idan an kunna kai biyu na tsawon awa ɗaya, awa biyu ke nan a lissafi. Kada a manta da ruwan wanka a lokacin hunturu, kada kuma a manta da abinci mai daɗewa a wuta irin su wake da ganda da ƙafar saniya.

Bari mu ɗauki misalai. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai, wanda girkinsa bai wuce awa 1 a rana ba, mai kilo 3 za ta yi masa kwana 20, mai kilo 6 kuwa kwana 40. Ango da amarya masu girkin awa 2 a rana, mai kilo 6 za ta kai su kwana 20, mai kilo 12.5 kuma wajen kwana 40. Gida mai mutum huɗu ko biyar, inda wuta ke cin awa 3 a rana, mai kilo 12.5 za ta yi musu kusan mako huɗu. Da a ce mai kilo 3 suka saya, da ko mako ɗaya ba za ta cika ba. Babban gida kuwa, mai mata da 'ya'ya da baƙi, inda ake cin awa 6 a rana, mai kilo 12.5 mako biyu za ta yi, mai kilo 25 ce za ta kai su kusan ƙarshen wata.

Shawarar da zan bayar ita ce a zaɓi silindar da za ta ɗauki gida daga mako uku zuwa mako shida. Idan ta gaza mako uku, zirga-zirga da kuɗin mota za su yi yawa. Idan ta wuce wata biyu, alama ce an zuba kuɗi a ƙarfen da ya fi ƙarfin bukata.

Wanda ya riga yana amfani da gas yana da hanya mafi sauƙi. Ya rubuta ranar da aka cika silinda a jikin kalanda, ya rubuta ranar da ta ƙare. Idan ya yi haka sau biyu ko uku, zai san ainihin cin gidansa fiye da yadda kowane masani zai gaya masa.

Dacewar silinda da murhu

Lissafin kwanaki shi ne matakin farko. Mataki na biyu shi ne a dubi irin murhun da ke gidan, da irin tukwanen da ake ɗorawa.

Ƙaramar silinda mai murhu a bisa an yi ta ne domin ƙaramar tukunya. Idan aka ɗora mata babbar tukunyar tuwo, haɗari biyu ke nan. Na farko, gindinta ba shi da faɗi, lokacin da ake tuƙa tuwo da muciya tana iya tuntsurewa, tafasasshen abinci ya kife a kan mai girki ko a kan yaron da ke rarrafe kusa. Na biyu, faffaɗan gindin tukunya yakan mayar da zafin wuta ƙasa, ya gasa bawul da robar da ke toshe shi, ya kuma ɗumama ita kanta silindar. Duk gidan da ake tuƙa tuwon mutum shida ko fiye, lalle ya wuce matsayin ƙaramar silinda, ko da kuwa ana iya cika ta kowane mako.

Har wa yau, akwai iyakar iskar da kowace silinda za ta iya bayarwa a lokaci guda. Ruwan gas yana bukatar ɗumi kafin ya koma iska, kuma daga jikin ƙarfen silinda yake jawo ɗumin. Idan aka haɗa ƙaramar silinda da murhu mai kai huɗu da wurin gashi, sai ka ga jikinta ya yi sanyi yana naso, wuta kuma ta yi rauni alhali da sauran gas a ciki. An fi ganin haka da sanyin safiya a wurare irin su Jos da Mambila, ko kuwa idan gas ya kusa ƙarewa. Waɗansu sukan sa silinda a ruwan zafi ko su matsar da ita kusa da wuta don ta farfaɗo. Wannan ganganci ne babba, kada a kuskura. Maganin abin shi ne silinda mafi girma. Murhu mai kai biyu ko fiye yana bukatar aƙalla mai kilo 12.5, tare da regileta da tiyo na ƙwarai.

Nauyi da ɗauka

Mataki na uku shi ne a tambayi kai: wa zai ɗauke ta, kuma da me za a kai ta wurin cikawa? Mutane da yawa sukan manta cewa kilon da ake faɗa nauyin gas ne kawai, ban da nauyin ƙarfe. Shi kuwa ƙarfen yakan yi kusan nauyin gas ɗin da ke ciki, wani lokaci ma ya ɗan ɗara. Saboda haka mai kilo 12.5 idan an cika ta takan haura kilo 25, watau rabin buhun siminti da 'yan kai. Mai kilo 25 ta doshi nauyin buhu guda, mai kilo 50 kuwa ta kusa buhu biyu.

Wanda ke zaune a saman bene, ko tsohuwar da ba ta da mai taimako, ko matar da mijinta ke yawan tafiya, sai su yi tunani sosai kafin su ɗauki babba. Silindar da ta fi ƙarfin mai ita, ƙarshenta a riƙa mirgina ta a ƙasa ko a jawo ta a kan matakala, wannan kuwa shi ke lotsa ƙarfe ya kuma lalata bawul. Ƙa'ida ita ce a ɗauki silinda a tsaye, a ajiye ta a tsaye, a kuma ɗaure ta a cikin abin hawa. Idan aka kwantar da ita, ruwan gas yakan iso bakin bawul, in ya sami hanya kuwa ruwa zai fito maimakon iska. Kada kuma a bar ta a rufe cikin mota a rana. Akwai waɗansu tukwanen gas na zamani da ba na ƙarfe zalla ba, marasa nauyi, waɗanda ake hango yawan gas ta jikinsu. Sun fi tsada, amma suna da sauƙin ɗauka ga wanda ya sami hali.

Wurin ajiya

Mataki na huɗu shi ne wuri. Girman silinda shi ne girman abin da zai fito idan ta yi yoyo. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, inda gado da murhu ke wuri guda, bai kamata ya shigo da babbar silinda ba. Ƙarama ta ishe shi, ita ma ya yi girki da ita a baranda ko a bakin ƙofa inda iska ke wucewa, kada ya kwana da ita a gefen katifa cikin rufaffen ɗaki.

Mai kilo 12.5 tana iya zama a ɗakin girki mai taga da isasshiyar iska, a tsaye a kan daɓe mai lebur, da tazarar aƙalla mita 1 tsakaninta da wuta. In da hali, an fi so a ajiye ta a waje a huda bango a shigo da bututu. Masu kilo 25 da kilo 50 kuwa wurinsu waje ne, a inuwa, cikin keji mai raga wanda iska ke ratsawa, a kulle saboda yara, nesa da janareta da murhun itace da bakin kwata ko rami. Mu tuna cewa a garuruwa irin su Maiduguri da Sakkwato zafin bazara yakan haura digiri 40, don haka inuwa wajibi ce. Wanda ba shi da irin wannan wuri a gidansa, babbar silinda ba tasa ba ce, kome yawan iyalinsa.

Maganar kuɗi

Mataki na biyar shi ne aljihu. Akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara. Waɗansu suna tsammanin babbar silinda ta fi cin gas, waɗansu kuma suna tsammanin ta fi auki. Duka biyu ba haka ba ne. Murhu shi ke cin gas, silinda ma'aji ce kurum. Kilo ɗaya a ƙarama daidai yake da kilo ɗaya a babba. Bambancin yana ga kuɗin sayen ƙarfen da fari, da kuɗin zirga-zirga daga baya.

A wuraren da ake sayar da gas da awo, mai silinda kilo 12.5 yana iya sayen kilo 4 ko 5 a ranar da aljihu ya yi rauni, ya cika ta a ranar albashi. Mai kilo 3 kuwa ba shi da wannan zaɓi. Ko ya sami kuɗi, ko farashi ya sauka, kilo 3 ɗin nan ita ce iyakarsa. Saboda haka gidan da lissafinsa ya faɗa tsakanin girma biyu, gara ya ɗauki na sama, muddin yana da wurin ajiya da mai ɗauka. Haka kuma wanda ke nesa da wurin cikawa, kamar mazauna ƙauye da ke shiga gari ranar kasuwa.

Ina kuma jawo hankalin iyaye masu haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu mata. Kada a sayi silinda don idon 'yan kallon ɗaki. A tambayi irin gidan da amarya za ta zauna, ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, ƙasa ne ko bene, sa'an nan a saya mata abin da zai amfane ta ba tare da ya zame mata barazana ba.

Biyu matsakaita ko ɗaya babba

Ga babban gida, sau da yawa mallakar masu kilo 12.5 guda biyu ya fi mallakar mai kilo 25 guda ɗaya. Gas ɗin daidai yake, amma mutum ɗaya na iya ɗaukar kowace, kuma idan ɗaya ta ƙare ana tsakiyar girki, sai a sauya da ɗayar a kai wadda ta ƙare cikawa a natse. Gidan da ke da guda ɗaya tak yakan koma ga gawayi ko ya aiki yaro da dare neman gas, a irin wannan gaggawa kuwa ake yin kuskure. Ga matsakaicin gida, mai kilo 12.5 da ƙarama mai kilo 3 ko 6 a matsayin ta ko-ta-kwana sun wadatar. Sai dai a ajiye ta biyun a waje a inuwa, bawul a rufe, kada a jera su duka a gindin murhu.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Idan an tsai da shawara a kan girma, saura inganci. Kowace silinda ta gaskiya tana da rubutu da aka buga a jikin ƙarfenta, galibi a mariƙin sama ko a zoben ƙasa. Za a ga sunan masana'antar da ta ƙera ta, da lambarta, da shekarar ƙira, da nauyinta in babu kome a ciki, wanda akan nuna da haruffan TW. Bisa ga ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, ana sake gwada ƙarfin silinda bayan kowace shekara 5, a kuma daina amfani da ita idan ta kai shekara 15. Silindar da ba ta da rubutu, ko wadda aka kankare rubutunta, a guje ta.

A dubi gindinta sosai, don nan tsatsa ke fara ci. A dubi ko ta lotsa, ko ta kumbura, ko an yi mata walda a bakin hanya. Sabon fenti ba shaidar sabon ƙarfe ba ne. Akwai masu shafe tsohuwar silinda su sayar da ita a matsayin sabuwa. Araha ba ta ado, balle a abin da zai kwana cikin gida tare da yara.

Wannan lamba ta nauyin ƙarfe tana da wani amfani kuma. Idan aka ɗora silinda a sikeli aka cire nauyin ƙarfen, abin da ya rage shi ne gas ɗin da ke ciki. Da haka mutum zai san ko an cika masa daidai, zai kuma san abin da ya saura ba tare da girgiza ta ba.

Wurin cikawa

A kasuwanninmu mun saba da neman gyara. Mai sayen gero ko manja yakan ce a ƙara masa kaɗan. To, a wurin sayen gas babu gyara. Sararin nan da ake bari a saman silinda shi ne tsaronta. Wanda ya matsa wa mai cikawa ya ɗura kilo 4 a silinda mai kilo 3, ko kilo 14 a mai kilo 12.5, ya cinye sararin kumburi, idan rana ta yi zafi kuwa ruwan ba shi da wurin zuwa. Masu ƙananan silindar da ba ta isarsu su suka fi faɗawa wannan kwaɗayi, wannan ma wani dalili ne na sayen wadda ta isa tun farko.

A riƙa cikawa a tashar da ke da lasisin hukuma, a kan sikeli, mutum yana kallo. Hukumar da ke ba da wannan lasisi ita ce NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta shekarar 2021 ta kafa. A guji shagunan da ake juye gas daga wata silinda zuwa wata a tsakiyar jama'a. Ba mu manta da abin da ya faru ranar 4 ga Janairu, 2020, a Sabon Tasha cikin Kaduna ba, inda gas ya fashe a wani shagon cikawa, mutane suka rasa rayukansu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Gani ga wane ya isa ishara.

Idan an ji wari

Kowace irin silinda aka zaɓa, duk lokacin da aka haɗa ta da murhu a shafa ruwan sabulu a bawul da regileta da bakin tiyo. Idan kumfa ta riƙa tasowa, akwai yoyo. Kada a taɓa gwadawa da ashana. A sake tiyo da zarar ya fara tsagewa ko ƙanƙarewa, kuma a yi amfani da tiyon da aka yi domin gas, ban da na ruwa. A rufe gas daga jikin silinda bayan an gama girki, musamman da dare.

Idan aka shiga ɗaki aka ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki. A rufe bawul, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara da kowa da kowa. Idan yoyon bai tsaya ba, a fitar da silinda fili nesa da wuta in ana iyawa, a gargaɗi maƙwabta su kashe murhunsu, a kira 'yan kwana-kwana daga waje.

Kammalawa

Jama'a, a taƙaice ga abin da nake so mu tafi da shi. Mutum ɗaya ko biyu masu ɗan girki, mai kilo 3 zuwa 6 ta ishe su. Iyali mai mutum uku zuwa shida, mai kilo 12.5 da murhun tebur. Babban gida, masu kilo 12.5 guda biyu, ko mai kilo 25 idan akwai wuri a waje. Mai kilo 50 kuwa a bar wa masu sana'ar abinci da makarantu da gidajen da suka tanadi keji da masu ɗauka.

Kafin a fita kasuwa, maigida da uwargida su zauna tare su amsa tambayoyi biyar: awa nawa wuta ke ci a gidanmu, wane irin murhu gare mu, wa zai ɗauki silindar, ina za mu ajiye ta, kuma yaya ƙarfin aljihunmu da nisan wurin cikawa? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ba zai yi zaɓen tumun dare ba. Ina roƙon duk wanda wannan bayani ya isa gare shi ya karanta wa iyalinsa, ya kuma isar wa maƙwabcinsa, domin gobarar gida ɗaya ba ta tsayawa a gida ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.